Bargon da Gwaggo Ta Ɗinka wa Ɗana

Gwaggona, yayar mahaifina, a Gecheme take zaune ita kaɗai, kuma ba abin da take so a duniya kamar ɗinkin ƙyallaye. Ba sana'a ba ce, ko ɗaya ba ta taɓa sayarwa ba. Da ta gama dakanta sai ta jawo ƙwaryar ƙyallayenta gindin dogon yaro, ta yanka su daidai wa daida, ta haɗa da allura, ta sa tsohon zane a ƙasa, ta bi da ɗinki ƙanana kamar ƙwayar gero. Wallahi ko keke bai kai hannunta kyau ba. Amma wanda duk ta ba kyauta, godiya zai yi, ya kai gida ya rufe buhun hatsi da shi.

Kowa ya san dalili. Haihuwa shida ta yi, duka shidan suka koma tun ba su kai yaye ba. Daga nan mata suka yanke hukunci cewa hannunta ba ya riƙe yaro. A gidan suna a gaishe ta, a ba ta fura, amma jariri sai a tsallake ta a miƙa wa ta kusa da ita.

Ni fa malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a Dogon Dutsi. Bakina har ya gaji da gaya wa 'yan mata camfi jahilci ne. Shekara bakwai na yi da aure kafin Allah ya ba ni ɗa namiji, kuma da na same shi, ko ƙuda ya sauka a kansa sai gabana ya faɗi.

Ranar suna Gwaggo ta iso da hantsi, da ƙunshi a ka. Ɗaki cike da mata. Ta kwance, ta baza bargo a bakin gado. Kai, ban taɓa ganin aiki irin wannan ba! Ja da shuɗi da ruwan ƙwai, kowane ƙyalle ya zauna inda ya dace. Ta shafa shi da tafin hannu, sannan ta miƙo hannu biyu.

"Ɗiyata, kawo angon in kwantar da shi. Tun da na ji cikinki nike ɗinkin ga."

Innata ta tsunkule ni a cinya. Ba ma sai ta tsunkule ni ba, na riga na ƙanƙame yaron. Da na ce barci yake yi, ai da an wuce wurin. Ina! Bakina ya riga ni.

"Gwaggo, shida kika shimfiɗar. Ina suke?"

Wata ta ce subhanallahi. Wata kuma, ina jinta, dariya ta ƙunshe. Gwaggo ta daɗe da hannuwanta a miƙe, kamar ta manta nata ne, sannan ta sauke su. Ta naɗe bargon, ta ce Allah ya raya, ta fita.

Na ɗauka ta koma Gecheme. Washegari da safe sai na hango ta bayan ɗakin girki, bargon a cinyarta, reza a hannunta. Farke shi take, ɗinki ɗaya bayan ɗaya, tana zare zaren tana tarawa gefe. Haushi ma ya kama ni, na ce a raina tsohuwar nan so take a ce na yi mata wulaƙanci. To me na yi mata in ba shi ba? Kwana uku tana wannan aiki, ba wanda ya ce mata ta bari, har da ni.

Rana ta huɗu ta yi sallama a ƙofar ɗakina, ba ta shigo ba. Ta ajiye tarin ƙyallayen a kan faifai.

"Ba tsummana ko ɗaya a ciki," in ji ta. "Gida-gida na bi, har Dumega, ina roƙon bakin zanen goyo ga matan da ɗiyansu sunka rayu. Na san abin da aka faɗi a kaina, ɗiyata, ni ba kurma ba ce. Zaren kaɗai ne nawa, na kuwa cire shi. Ki ba wani ya haɗa miki."

Kunya ta kama ni har cikin ƙashi. Amma tun da gaskiya na zauna faɗi, bari in faɗe ta duka: ƙarƙashin kunyar nan, daɗi na ji. Ina son albarkar matan nan a jikin ɗana, hannunta ne ba na so. Na ɗauki faifan, na ce na gode.

Bayan arba'in na kai wa wani tela a kasuwa. Kafin azahar ya gama, a karkace, ja kusa da ja, duk ya tattare. A kai ɗana ya kwanta har ya yi wayo.

Gwaggo ba ta yi fushi da ni ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Duk kaka sai ta zo mana da gyaɗa da gurjiya. In yaron ya rugo wajenta sai ta maida hannuwanta cikin mayafi, ta yi masa wasa da baki kawai. Yana da shekara shida ta rasu, ba ta taɓa ɗaukarsa ba. Ni kuma ko sau ɗaya ban ce mata ta ɗauke shi ba.