Sunayen Da Sabo Ya Bar Mini

Shekara tara ke nan cif da muka binne Malam Sabo a ƙauyenmu, can gabashin Minjibir, kuma bana ce na fi jin tsoron zan kasa riƙe amanarsa. Aminina ne tun muna firamare. Tare muka zama malaman gona, tare aka tura mu ƙasar Meksiko kwas na wata uku kan noman masara. Ni tsoron jirgi ya dame ni, shi kuma tsoron abinci. Wake da gurasar masara kaɗai ya yarda da su, wai kada a ɗura masa naman alade bai sani ba.

A tsakiyar watan Satumba wani manomi da muke aiki a gonarsa ya ja mu garinsu bikin samun 'yancin kai. Dandali ya cika maƙil, ko'ina tuta mai kore da fari da ja, mata na tuya, makaɗa na ta busa. Kwatsam aka kaɗa ƙararrawa, jama'a suka kaure da ihu, sama ta ɗauki ƙara kamar harbi. Ni da na san tarzoma a Kano ban tsaya tambaya ba, na fizgi hannun Sabo na ce, "Malam, gudu!" Har takalmi ɗaya na yar. Manomin ya yi dariya har da hawaye. Sai tafinta ya bayyana mana cewa shugaban garin ne ke kiran sunayen waɗanda suka mutu wajen ƙwato 'yanci, kowane suna jama'a su amsa da murya ɗaya. Ƙarar da na ɗauka harbi ne kuwa ta wasan wuta ce.

Ni kunya ta ishe ni, Sabo kuwa ya kasa kunne yana saurare. Can ya ce, "Ado, ka ji? Mutum ya fi shekara ɗari a ƙasa, amma ana amsa sunansa. Mu wa ya san wanda ya haƙa rijiyar unguwarmu?"

Da muka dawo sai ya ɗauki abin da gaske. Duk ranar ɗaya ga Oktoba da hantsi yakan tara mutane a ƙarƙashin tsamiyar bakin gonarsa, ya riƙa kiran namu mamatan: wanda ya haƙa rijiya, wanda ya fara kawo garmar shanu, ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin gari, Bamagujen da ya buɗe rumbunsa a shekarar yunwa bai tambayi addinin kowa ba. Kowane suna mu amsa, "Allah ya saka da alheri." Wasu suka ce bidi'a ce ya kwaso daga ƙasar Nasara. Ya ce shi godiya kawai ya koyo, ya miƙa musu dafaffiyar masara. A ciwonsa na ajali abu ɗaya ya roƙe ni: "Kada ka bari a kira babu mai amsawa."

Da Sabo zai leƙo yau, ban san da wace fuska zan dube shi ba. Birni ya cinye mu. An yayyanka gonaki filotai, samarinmu suna Ungogo suna tuƙa Adaidaita, dattawan da ke amsawa sun koma cikin waɗanda ake kira. 'Ya'yansa ma sun sayar da gonar, tsamiyar da duka. Ban ga laifinsu ba, ƙasar ta gaji, taki ya gagari talaka.

Bana mu huɗu ne: ni, da matarsa Inna Hajara, da tsofaffi biyu, ɗayansu ma ba ya ji sosai. Muna farawa sai ga wanda ya sayi filin da maginansa. Mutumin kirki ne, ya hana su sauke bulo har mu gama. Na kira sunaye, na zo kan ungozomar nan sunanta ya ɓace mini ɓat, sai da Inna Hajara ta tuna mini. Daga ƙarshe na kira Sabo. Mai filin ya matso da ladabi ya ce, "Baba, yi haƙuri, wane ne Sabon?" A kan kunyar gonar da Sabo ya yi shekara arba'in yana nomawa yake tsaye. Ya kuma shaida mini za a sare tsamiyar bayan kaka.

Na auna abin da ya rage na aminina. Gona ta tafi, inuwa za ta bi ta. Sai sunayen nan, a kan tsoho mai shekara saba'in da ɗaya da mantuwa ta fara ci. Wallahi hankalina a tashe yake. Duk ɗan ƙauyenmu da ya karanta wannan ya gane wace tsamiya nake nufi, ina roƙonsa don Allah ya zo baɗi, ko a bakin titi ne mu tsaya. Ba na so in kira Sabo in amsa wa kaina.