Ba Tsargiya Ba Ce Ta Kashe Habibu

Shekara goma sha shida ke nan da muka binne ƙanena Habibu a Gwaram, bai ko yi aure ba.

Tun yana yaro fitsarinsa ke fita da jini. Kowa ya ce tsargiya ce, wankan kududdufi ya jawo. Ya sha maganinta har ya gaji. Da ya girma ya buɗe rumfar gyaran babur, sai kunne ya fara yi masa nauyi. A yi masa sallama bai amsa ba, a ce girman kai. Daga baya ƙafafu suka kumbura. Ko da muka kai shi asibiti, ƙodar ta riga ta tafi.

Shekarun baya Mustafa, ɗan ƙanwarmu Rabi, ya fara irin wannan fitsari. Na raka su asibiti a Birnin Kudu. Likitar ta dubi Rabi ta ce, "A cikin 'yan'uwanki maza, akwai wanda ciwon ƙoda ya kashe yana matashi?"

Rabi ta ce, "Yaya Habibu."

"Yana ji sosai?"

Muka dubi juna.

Ta bayyana mana cewa a cikin ƙoda akwai wata siririyar shimfiɗa mai tace jini kamar rariya, wani furotin mai suna kolajin ne zaren saƙarta. Akwai irinta a kunne da ido. Wasu da zaren mai rauni ake haifarsu, kuma sau da yawa ta wajen uwa yake biyowa. Ba a warkewa, amma akwai ƙwayar maganin da ke jinkirta lalacewar.

Na yi hamdala, amma a mota Habibu na yi ta tunawa. 'Yar ƙwaya ce fa, girman wake ma ba ta kai ba!

Bana aka ɗaura wa Mustafa aure a Wurno. Yana sanye da na'urar ji, yana amsa gaisuwar kowa da fara'a. Ina son yaron nan, Allah shaida. Amma ina shafa fatiha kyashi na cin raina: me ya sa shi ya samu, nawa bai samu ba? Na san da Habibu na nan, shi zai fi kowa rawar jiki a bikin. Ni ban kai shi kyawun zuciya ba.

Da za mu tafi, Rabi ta riƙe hannun rigata ta ce, "Yaya, ba don an ambaci sunan Yaya Habibu a gaban likita ba, da har yau maganin tsargiya muke ba yaron nan."

Allah ya jiƙan Habibu, ya ja kwanan Mustafa. Ni kuma ya sanyaya min zuciya, don har yau ba ta huce ba.