Waya Ɗaya, Mata Shida

Ana sallame sallar asuba muka bar Kano, ni da abokin aikina. Wani ƙaramin asibitin haihuwa a ƙasar Gwaram ne ya kira mu, wai manhajar rajistar masu awon ciki da na rubuta musu bara tana cinye sunayen mata.

A Birnin Kudu muka karya da kunu da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa ya yi ƙiba. Daga nan sai ramuka cike da ruwan sama, gero ya yi kore shar dama da hagu. Ni kuwa ina ta cika baki cewa ma'aikatan ne ba su iya kwamfuta ba.

Ungozomar asibitin, wata dattijuwa, ba ta ja gaisuwa ba.

"Malam, mata shida na rubuta daga wani ƙauye wajen Fagam. Ga ɗaya. Ina biyar?"

Ina duba manhajar na ga laifina ne. Bara, don in gama da wuri, na cusa duk bayanan a jadawali ɗaya, na mai da lambar waya shaidar kowace mace. A Kano kowa da wayarsa. A can kuwa unguwa guda da wayar mai shago take amfani. Duk wadda aka rubuta sai ta goge wadda ta riga ta.

Cikin waɗanda aka goge akwai mai hawan jini, wadda ya kamata a kira ta dawo awo. Sunanta bai fito ba. Daga baya a amalanke aka kawo ta tana jijjiga. Ta rayu, amma jaririn bai zo da rai ba.

Kwana biyu muka yi muna warware aikina: kowace mace da lambarta ta kanta, wayoyi daban, awo daban, yadda duk wanda ya gaje ni zai gane. Sunayen kuwa daga katin awo muka dawo da su.

Muna shirin tafiya mijin mai hawan jinin nan ya zo da ƙullin gyaɗa, don ya ji baƙi sun zo taimakon mata.

"Allah ya saka da alheri, Malam," in ji shi.

Na ce amin. Na karɓi gyaɗar cike da kunya.

Da la'asar muka shigo Kano. Na koyi cewa ba a tsara rumbun bayanan mutane sai an je an ga yadda suke zaune. Gyaɗar tana cikin jakata har yau, na kasa ci, na kasa bayarwa.