Muciyar Kaka da Murhun Lantarki

A gidanmu na Jarwal, saman bene shi ne madafarmu, shi ne kuma wurin hirarmu. Da an sallame Magariba, zafin Makka ya ɗan sassauta, sai Kaka ta hura gawayi a murhunta, ta ɗora shayi, ni da ƙannena mu kewaye ta. Mu da aka haifa a nan Larabci ya fi mana sauƙi a baki, har mukan kira ta Sitti. Ba ta amsawa. Sai ta ce Sitti tana gidan maƙwabta, wadda ke nan Kaka ce, kuma duk wanda bai iya roƙon tatsuniya da Hausa ba ya tashi ya ba ta wuri.

Babanmu shi ne ɗanta na fari, kuma kunyar ɗan fari da ta taso da ita a Kano ba ta yar da ita a hanyar Hajji ba. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Ko abinci za ta ba shi sai ta ce da Umma, mahaifiyarmu, a miƙa wa wancan. Mu dariya abin yake ba mu, mutum da gemunsa ana ce masa wancan.

Shekarar da aka jawo mana lantarki, wanda duk unguwa ke kira kahraba, Baba ya yi aikin dako a tantunan Arfa da Mina. Can ya riƙe wa masu jan waya tsani, ya dawo yana jin ya gama sanin aikin. Baba mutum ne mai son gwaje-gwaje, ban taɓa ganin abin da ya shigo hannunsa bai kwance shi ba. Washegarin Sallah ya shigo da naman layya cike da buhu, da wani mataccen risho na lantarki da alhazai suka yar. Ya zare murɗaɗɗiyar wayar cikinsa, ya shimfiɗa ta a kan bulo, ya ɗora ragar ƙarfe, ya jawo wayoyi biyu daga jikin ƙwan fitila, bakinsu tsirara. Ya ce bana ba fifita, ba hayaƙi, ba toka, gobe da hantsi zai gasa mana nama irin na zamani.

Umma ta ce abin bai kwanta mata ba, ya yi mata dariya, ya ce mata da tsoro. Kaka ta daɗe tana duban wayoyin nan. Na ga ta buɗe baki, ta kuma rufe. Mutum ɗaya ce a duniya Baba ba ya tsallake maganarta, ita ce kuma wadda ba ta yi masa magana.

Da yamma muka taru kamar kullum, Baba yana gefe yana ƙara ɗaure wayoyinsa. Kaka ta juya masa baya, ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba. “Ga ta nan, ga ta nan ga mai kunne,” in ji ta. Muka ce ta zo mu ji ta.

Wai wani mutum ne Sallah ta riske shi a tsakiyar damina, itace duk ya jiƙe. Maimakon ya yi haƙuri, sai ya ce zai aro wuta wajen Aradu. Ya hau tudu, ya kafa dogon ƙarfe, ya rataya cinyar ragonsa. Aradu ta yarda, amma ta kafa masa sharaɗi. Nan Kaka ta kumbura kumatu, ta yi muryar Aradu: “Wutata makauniya ce. Ba ta san naman rago ba, ba ta san naman mai rago ba. Wanda ya tsaya cikin ruwa ya riƙe ƙarfe, nawa ne.”

Ƙamshi ya tashi, mutumin ya kasa haƙuri, ya kai hannu. Wuta ta kama shi, hannu ya ƙi buɗewa. Matarsa ta rugo ta kama rigarsa, ta manne. Maƙwabci ya kama matar, ya manne. Mai unguwa ya zo rabo, shi ma ya manne, rawani yana rawa. Mu dai muna ta birgima don dariya. Sai ga wata tsohuwa da busasshiyar muciya, ta tsaya a kan turmi, ta maka wa hannun mutumin, duk suka zube.

Ƙanina ya tambaya don me sai muciya. Kaka ta ce busasshen itace ba ya cikin dangin Aradu. Ta rufe da cewa ƙurunƙus, kan wanda ya ji ya ƙi ji. Baba ya yi murmushi bai ɗago ba, Umma kuwa ko dariya ba ta yi ba.

Da hantsi Umma ta wanke nama, ruwa ya malale daɓe. Baba ya haɗa wayoyinsa, ƙafa ba takalmi. Gaskiya abin ya yi aiki. Waya ta yi jajir, kitse ya soma ɗiga, muna tafi. Ya ɗauki tsinken ƙarfe zai juya tsoka, sai muka ga ya sandare, hannunsa ya damƙe tsinken yana karkarwa. Umma ta zabura za ta kama shi, ta yi taku biyu, ta tsaya cak, ta ɗora hannu a ka. Daga baya ta ce matar cikin tatsuniya ce ta faɗo mata.

Ashe tun safe Kaka na zaune da muciya a cinya, ba tuwo a wuta. Ta taka kujerarta ta katako, ta maka masa a wuyan hannu, tsinke ya yi sama, Baba ya faɗi. Da muciyar ta fizge wayoyin. Baba yana kwance bai motsa ba. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba.

Kaka ta durƙusa, ta tallafi kansa. “Salihu,” ta ce. “Salihu, buɗe ido ka dube ni.”

Ya buɗe. Bai dubi tafinsa da ya ƙone ba, ita ya zuba wa ido.

Naman nan a gawayi aka gasa shi, Baba yana fifita da hannun hagu. Bayan Sallah ya kira mai gyaran kahraba na gaske ya rufe wayoyi, ya sa makunni. Da muka tsokani Kaka cewa mun ji ta faɗi sunan, sai ta ce ƙarya muke, muciya ce ta yi magana. Kashegari Baba ya koma wancan a bakinta.

Na girma ina tambayar tsofaffin da ke zuwa daga Kano da Sakkwato tatsuniyar mai aron wutar Aradu, babu wanda ya taɓa jin ta. Umma ce ta gaya mini cewa a gidan alhazai da Kaka ke wankau a unguwar Aziziyya ta taɓa ganin waya ta kama wani, aka ture shi da sandar tsintsiya. Sauran duk a yammacin nan ta ƙirƙira, mu aka zaunar, amma ba don mu ba.

Yanzu ni ce kaka. Ina hana jikokina taɓa abin wuta da jiƙaƙƙen hannu, ina nuna musu makunnin da za a fara kashewa kafin a taɓa kowa, suna cewa Sitti ta cika faɗa. Baba kuwa har ya tsufa, in muka ce ya nuna mana tabon tafinsa, sai ya buɗe ya yi dariya, ya ce ai ba asara ya yi ba, ranar ce kaɗai ya ji sunansa a bakin uwarsa.