Ramo Kafinta da Tabarmar Gaisuwa

Duk wanda ya taɓa zaman makoki a Madawa ya san ƙarar gudumar Ramo. Ana tsakiyar Allah ya jiƙan rai, sai ka ji kwas, kwas daga cikin gida. Mijin yayata ne, ya zo gaisuwa ya tarar da ƙyaure na lilo, kuma shi ba ya iya zama yana kallon ƙyaure na lilo. Ko ina anka yi rasuwa, daga Sabon Gida har Azarori, zai ɗaure akwatin kayan aikinsa a bayan moto, wato babur, ya tahi. Sau nawa na ce masa, bawan Allah, mutanen nan kuka suke yi. Sai ya ce to su yi kukansu a bayan ƙofa mai rufuwa.

Ga yaran da ba su san farkonsa ba: daga Dominika ya hito, wani tsibiri can bayan teku. Wata proje ce, aikin raya karkara na Turawa, ta kawo shi Keita yana yi mata aikin katako. Proje ta ƙare, Turawa sunka naɗe kayansu, shi ko ya dawo Madawa ya share wuri ya zauna. Ya musulunta, liman ya sa masa Abdurahamane, amma sunan da uwarsa ta sa masa, Ramon, shi ne ya bi shi, munka gutsure masa wutsiya ya koma Ramo.

Neman auren Yaya Habsu kuwa, abin ba a magana. Ba wakili, ba goro, shi kaɗai ya faɗo gidanmu da tsakar rana, ya rungume Baba kamar ya dawo daga Makka, ya juya zai rungumi Inna. Inna ta yar da ludayi ta shige ɗaki, ba ta leƙo ba sai la'asar. Da Baba ya farfaɗo ya tambaye shi ina danginsa, sai ya nuna akwatin zarto da guduma ya ce ga su nan. Baba ya ce dangin da sunka shiga akwati ai ba za su cinye masa hatsi ba. Liman ya tsaya masa anka ɗaura.

Allah ya ba shi ɗiya biyar, duk mata. Kunyar ɗiyar fari ba ta taɓa bi ta unguwarsu ba: a wuya yake ɗora ta ya ratsa kasuwa yana kwaɗa mata kira da sunanta, tsofaffi na rufe baki. Abu ɗaya ne kawai ke ci masa tuwo a ƙwarya. A wurinmu in mutum ya rasu, mazan danginsa ne ke zama a tabarmar ƙofar gida a yi musu gaisuwa, shi ko ba wa, ba ƙane, ba ɗa namiji. Yakan tambaye ni wa za a gaida ranar tasa. Ni ko ƙanen mata ne, tsokana haƙƙina ce, sai in ce a gaida akwati, ai baƙo raɓa ne. Shekara talatin ina faɗa masa haka. Ba ni kaɗai ba ma, har waɗanda ya gyara wa ƙofa kyauta “baƙon nan” suke ce masa.

Da ya yi mini rufin ɗaki sai da munka kusa ɓatawa. Aikin kwana uku ya kai shi sati uku, wai a ƙasarsu iska na ɗaukar saniya, don haka kowane kwano sai ya sha ƙusa bibbiyu da ɗaurin waya. Ƙusoshin ma tsofaffi ne da ya tsinto ya miƙe, don ban taɓa ganinsa ya sayi sabuwa ba. Hadarin farko na damina, iska ta ɗauke rufin ɗungurungum, har da azara, ta aje shi a gonar maƙwabcina. Munka tahi tare, ya zagaya shi yana shafawa kamar ragon layya.

“Kunyado, ka gani? Ko ƙusa ɗaya ba ta hita ba. Bangonka ne ba shi da mutunci.”

Kunyado wai ƙanen mata ke nan da yarensu. Ni na kwana biyu a zaure, shi yana yawo yana ba da labari.

Bara ciwo ya kwantar da shi. Ranar wata Laraba da safe ya aiko in zo, ya sa Yaya Habsu ta hita, ya sake yi mini tambayar nan tasa. Bakina da ya saba ya riga hankalina, na ce ai baƙo ba a yi masa zaman kwana uku. Bai yi dariya ba. Ya riƙe mini hannu ya ce, “Kunyado, ban da wasa.” Kunya ta kama ni, irin tamu ta banza wadda ke hana mutum ya ce wa ɗan'uwansa ina sonka. Na ce bari in je kasuwa in dawo mu yi magana. Kahin in dawo ya cika.

Da munka dawo daga maƙabarta anka shimfiɗa tabarmi, mutane sunka yi cirko-cirko, wani tsoho ya tambaya wa za a gaida. Na tuɓe takalmi na zauna a tsakiya, na ce ni ne ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda bai yarda ba ya zo mu yi. Ba wanda ya musa. Kwana uku ana shigowa daga Buza, daga Keita, daga ƙauyukan da ban san ya taka ba, hannuna har ya yi tsami.

Na zauna maka, Yaya Ramo, amma ban faɗa maka ba kana da rai, kuma abin na ci na har yau. Allah ya jiƙanka, ya yi maka rahama, ya raya ɗiyanka. Ya sa inda ka tahi kada kowa ya ce maka baƙo.