Ɗaurin da na yi wa bakin tanki

Maigidana direban motar kaya ne, irin motar nan mai shan man gas. Shekara da shekaru yana ɗaukar masara da dawa daga kasuwar Ƙanƙara zuwa duk inda aka ce ya kai. Bara da damina Allah ya yi masa rasuwa. Mutane sun faɗi alherinsa da yawa, na kuma gode musu. Ni abin da nake so in rubuta ƙarami ne, safiya ce guda ta lokacin sanyi, ranar sunan jikarmu ta fari.

Babban ɗanmu yana koyarwa a Sabuwa, matarsa 'yar garin ce, can ta haihu. Malam, haka nake kiran maigidan, ya ce ragon suna nasa ne, ba mai saye sai shi. Wata huɗu yana kiwonsa a bayan ɗaki da dusa da harawa. Saboda mu aka ɗaga raɗin suna zuwa ƙarfe goma na safe, don mu iso da ragon.

Ana gobe tafiya, da la'asar, na leƙa kangon da yake ajiye motar don in kori kaji, sai na ga bakin tankin da tsumma a cushe. Murfin ya faɗi a hanya tun satin da ya wuce. Na sha jin Malam yana cewa sanyi na sa gas ya yi kauri, raɓa kuma in ta shiga tanki ruwa take zama. Na ga wannan tsumma ba zai tare komai ba. Na cire shi, na ninka leda mai kauri biyu, na ɗaure tam da robar tsohuwar tayar keke, irin ɗaurin da nake wa kwalbar man shanu in za a aika da ita nesa. Ban gaya masa ba. A ganina taimakon bai kai a faɗa ba.

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya. Ina gaba da zane biyu da safa, kwanon dubulan a cinyata, rago a baya yana kuka. Bugu ɗaya motar ta tashi, har Malam ya shafa sitiyari yana yi mata kirari.

Ba mu yi nisa sosai ba ta fara tari. Wata jar wuta ta kama a gabansa, ƙarfin motar ya tafi, ya gangara gefen hanya. Ya sauka ya danna ɗan famfon hannu da ke jikin filta mai tace mai, muka jira kaɗan, ta tashi. Can gaba ta sake.

“Sanyi ne,” in ji shi. “Mai ya yi kauri.”

A wani ƙauye ya roƙi garwashi wurin wata tsohuwa mai ƙosai, ya ajiye kaskon nesa kaɗan da filta don ɗumi ya rinƙa bugunta. Tsohuwar ta ba ni ƙosai mai zafi na riƙe a tafin hannu. Motar ta tashi, muka yi godiya, ba a jima ba ta sake mutuwa. Da haka muka rarrafa muka shiga Faskari, takwas ta wuce da rabi. Ɗan namu ya kira sau biyu. A na biyun ya ce ko a nemi wani ragon a maƙwabta. Malam ya ce a'a, ya kashe wayar. Na ga yadda ya waiga ya dubi ragon.

Akwai wani bakanike a Faskari, tsohon abokinsa, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ya fito yana hura hannu.

“Malam, motar ce ta tsufa ko direban?”

“Duba min ita, mai surutu. Malamai na jirana a Sabuwa.”

Ya jona wata na'ura ya karanta. Ya ce mai ba ya isa da ƙarfi cikin bututun da ke raba wa nozuloli masu fesa shi cikin inji. Ya kwance filta, ya same ta fes. Ya bi tiyo ɗaya bayan ɗaya, ba yoyo.

“In babban famfo ne,” ya ce, “sai dai ragonka ya hau acaɓa. Bari in ga man tukuna, ko 'yan bumburutu sun haɗa ka da ruwa.”

Ya zagaya wurin tanki. Ina jinsa yana kokawa da robar, har da haƙori. Da ta saki sai iska ta ja ciki da wata doguwar ƙara, tankin ya yi bum kamar an doki garwa.

“To, ga ɓarawon. Wa ya shaƙe ta haka? Ai tanki ma numfashi yake. Mai na fita, iska ba ta shiga, famfo sai ja yake ba ya samu. In kun tsaya ta ɗan sha iska, shi ya sa take tashi.”

Malam ya karɓi robar, ya juya ƙullin a hannunsa. Bai dubi inda nake ba.

“Ni ne,” ya ce.

“Kai? Duk shekarun nan da kake tuƙi?”

“Ai ka faɗa da bakinka. Direban ne ya tsufa.”

Bakaniken ya yi dariya har da riƙe ciki, ya tono wani tsohon murfi mai ɗan huji ya murɗa mana. Motar ta tashi da muryarta ta kullum.

Sai da muka bar gari Malam ya yi gyaran murya. Ban taɓa zuwa Makka ba, amma Hajiya yake ce min in yana son tsokana.

“Hajiya, albishirinki. Man shanun bai zube ba, ko ɗigo.”

Na ja mayafi na rufe fuska. Dariya ta ci ƙarfina, shi ma haka, har sai da ya rage gudu.

“Don me ka ce kai ne?”

“Ni in ya tsokane ni ramawa zan yi. Ke yaushe za ki zo gareji ki rama?”

Sha ɗaya ta gota muka isa Sabuwa. Na ɗauka an watse, ashe liman ya ce rago ne na kaka, ba a yi masa gaggawa. Tukunyar shayi uku aka ƙarar ana jiranmu. Malam da kansa ya sauko da ragon ya ja shi gaban jama'a. Ina cikin gida wurin mata aka shigo da labarin sunan, sunana aka sa wa yarinyar. Ashe shi da ɗansa sun gama maganar tun ranar haihuwa.

Da aka fito wa Malam da jaririyar zaure ya ƙi karɓa, ya ce hannayensa warin gas suke. Sai da ya wanke da sabulu sau uku, ya shanya su a rana suka yi ɗumi, sannan ya miƙa hannu.