Baƙon da Ya Riƙe Ƙugu a Bakin Rami

Masrani yana cikin ruwan laka har ƙirji, yana juya akushin wankin tsakuwa don neman lu'ulu'u, amma idonsa na kan baƙon da gwamnati ta turo garinsu Cempaka binciken ƙasa. Dogo ne siriri, da farar hular kwano da takalman roba masu ƙyalli. Da ɗan cokali yake ɗibar tsakuwa yana ƙullewa a leda, sai ka ce mai sayar da yaji.

Wannan, a ran Masrani, ko lu'ulu'u ya fito ko bai fito ba, tukunyar gidansa ba ta fashi. Matarsa ba ta taɓa gasa masa ƙafar da ruwa ya ci ba.

Can sai baƙon ya miƙe, ya riƙe ƙugu a bakin rami. A nan kuwa ko fito ba a yi, balle riƙe ƙugu, domin lu'ulu'u gudun mai girman kai yake.

Tsoho Ibas, shugaban ramin, ya daka tsawa: "Kai Malam, sauke hannun nan! So kake ka kore mana shi?"

Baƙon ya sauke yana murmushi. "Afuwa, Baba. Ai wanda kuke samu ruwa ne ya gangaro da shi. Ni tushensa nake nema, kamfanin da gwamnati za ta ba haƙa na jiran taswira."

Masrani ya dubi yatsunsa da suka yi fari fat. Tun yana saurayi yake lallaɓa dutsen nan da salati. Ga wani ya riƙe masa ƙugu, kuma shi ne zai san gidan dutsen.